Furobet: yaushe dukiyar mamaci take bi ta kotu a Najeriya

Furobet shi ne izinin da kotu take bayarwa kafin a taɓa dukiyar wanda ya rasu, tsari ne da Najeriya ta gada daga Ingila kuma ana yinsa ne a rajistarar furobet da ke Babbar Kotun kowace jiha da ta Abuja. In mamaci ya bar wasiyya a rubuce ya naɗa masu zartar da ita to kotu tabbatar da wasiyyar take yi ta ba su takarda, in kuma bai bari ba sai magada su nemi takardar izinin kula da dukiya, wadda ake cewa leta of administireshan.

Ba kowace dukiya ce take buƙatar haka ba. Kayan ɗaki, sutura, dabbobi, hatsi, kuɗin da aka samu a gida, duk waɗannan malami ko alƙali na iya rabawa ba sai an je Babbar Kotu ba. Kyautar da mamaci ya yi yana raye aka kuma karɓa ita ma ta fita daga gado. Inda maganar take tasowa shi ne duk abin da ke hannun wani da sunan mamacin, kuɗin banki, hannun jari, fansho, gida ko fili mai takardar mallaka da za a canja mata suna, nan fa ba mai sakin komai sai ya ga takardar kotu saboda in banki ya biya wanda bai kamata ba gobe wani magajin ya ɓullo bankin ne zai sake biya.

A nan ne mutane da yawa suke shan wahala, don ana ɗauka wanda aka rubuta a fom a matsayin nes of kin, wato dangi mafi kusa, shi ne mai kuɗin da zarar an yi rasuwa, alhali wannan sunan na wanda za a tuntuɓa ne kawai, bai mayar da shi magaji ba, kuma cire kuɗi da katin ATM na mamaci kafin rabo cin haƙƙin sauran magada ne musamman marayu da zawarawa. Fansho ma haka, a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 kamfanonin fansho na neman takardar kotu kafin su biya, sai dai a jihohin Arewa ana karɓar odar kotun Shari'a ko kotun yanki mai hatimi.

Ga Musulmi rabon kansa na Shari'a ne, sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. A yi jana'iza, a biya bashi, a fitar da wasiyya da ba ta wuce sulusi ba sannan a raba.

Wajen neman takardar Babbar Kotu ana kai shaidar rasuwa da jerin kadarori da masu tsayawa, banki ya rubuta abin da ke akawun, a biya kuɗin kotu gwargwadon ƙimar dukiyar, a buga sanarwa a jarida ko da mai ja. In wani ya shigar da ƙorafi komai tsayawa yake sai alƙali ya yanke hukunci.