Yadda dokin roba ya samu uwa da uba

Cacar bakin da ake yi tsakanin masu tara dawakin roba a Amurka da Turai ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Sababbin shiga na kukan ƙa'ida ta yi yawa: mutum ya sayi dokinsa da kuɗinsa, ya raɗa masa suna, sai a ce ba zai kira shi tsantsar dokin Larabawa ba, domin launin zinariya da farar geza babu shi a wannan jinsi. Tsofaffin hannu kuma sun ce nasabar da ba ta bin ƙa'ida ba nasaba ba ce. Tsaurin nan ya girmi yawancin masu gardamar.

Farkon labarin ba ɓoyayye ba ne. A 1950 kamfanin Breyer na Chicago ya ƙera dokinsa na farko don ado a jikin agogon tebur, sai jama'a suka fi son dokin. A 1990 aka fara bikin masu tara dawakin Breyer, wato BreyerFest, a Lexington ta jihar Kentucky, a 1995 kuma aka yi gasar zakarun dawakin roba ta nahiyar Amurka ta Arewa karo na farko.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne gasar hoto ta gidan waya, wadda ta bunƙasa a shekarun 1970. Yawancin masu shiga 'yan mata ne masu son doki, da yawansu ba su da halin kiwon na gaske. Yarinya za ta ɗauki hoton dokinta, ta juya bayansa ta rubuta suna da jinsi da shekaru, ingarma ne ko goɗiya, ta aika wa alƙaliya haɗe da ambulan mai kan sarki don a dawo mata da shi. Alƙaliyar ba ta taɓa dokin ba, hoto da rubutu kawai ke hannunta. Kuma tun da dawakai da yawa daga mazubi ɗaya suka fito, sunan kamfani bai isa ya bambanta su ba. Dole kowa ta ba nata suna, wasu har suna farawa da sunan bargarsu.

A ganina nan ne komai ya juya, don da zarar ka rubuta jinsi da shekaru, tambayar uwa da uba tana tafe. Aka fara musayar jerin ingarmu da goɗiyoyi, ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a aiko da takardar nasaba. Goɗiya wata 11 take ɗaukar ciki, saboda haka duƙushi ɗaya ake ba ta a shekara, ko da ta roba ce. Mai son jingina dokinsa ga goɗiya ta gaske sai ya binciki littattafan rajista ya gano shekarar da ba ta haihu ba. Babu wanda ya tilasta musu. Son a yarda da dokinsu ne ya sa, kuma wannan himma abin girmamawa ce.

Sunaye ma suka bi na dawakan gaske. Sunan dokin sukuwa na Thoroughbred ba ya wuce harafi 18 a Amurka. Sunan dokin Larabawa na Poland yana farawa da harafin sunan uwarsa, na ingarman jinsin Lipizzaner kuwa yana haɗa layin uba da sunan uwa, kamar Pluto Theodorosta.

Binciken ƙwayoyin gado ya zo ne ya tarar da mutanen da suka riga suka saba da tantancewa. A 1996 masana a Suwidin suka gano ƙwayar jan launi, ta kili kuma a 2008. Kili dole ɗaya daga iyayensa ya zama kili, don haka tsofaffin takardun da suka saɓa wa wannan suka daina karɓuwa. Yanzu har dokar haihuwa ɗaya ta rabu bisa jinsi: tun 2002 rajistar dawakin jinsin Quarter Horse ke karɓar 'ya'ya fiye da ɗaya a shekara ta hanyar dashen ɗan tayi, ta Thoroughbred kuwa har yau sai barbara kai tsaye.