Akwatin murjani na ruwan gishiri

Akwatin murjani tanki ne na gilashi da ake cikawa da ruwan gishiri irin na teku don a reni murjani mai rai a gida. Murjani dabba ce, ko da yake kamanninta na tsiro ne. A cikin naman jikinta akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka masu haɗa abinci da hasken rana, kuma daga gare su take samun mafi yawan abin da take rayuwa da shi. Saboda haka mai kiwon murjani haske da ruwa yake kula da su kafin ya yi tunanin abinci. A 1961 Lee Chin Eng na Indunusiya ya bayyana hanyar riƙe murjani da dutsen teku da iska kaɗai, daga baya masu kiwo a Balin ta Jamus suka haɗa dutsen da injin kumfa mai cire datti daga ruwa da fitila mai ƙarfi. Tsarinsu ne tushen yawancin tankunan yau.

Kayan aiki

Tanki mai lita 150 zuwa 300 ya fi ƙarami sauƙin riƙewa, domin ruwa mai yawa ba ya saurin canza zafi ko gishiri. Tankin lita 200 da duwatsunsa yana kusantar kilo 300, don haka mazauninsa sai mai ƙarfi, a daidaice, nesa da taga. Ana buƙatar hita da ma'aunin zafi, da famfunan da za su juya ruwan tankin sau 10 zuwa 20 a awa, har sau 40 ga murjani masu rassa. Injin kumfa yana busa ƙananan kumfa a cikin bututu, dattin jikin kifi ya manne musu ya taru a kofi kafin ya ruɓe. Fitilar da ta dace ita ce mai yawan shuɗi, tana ci awa 8 zuwa 10 a rana.

Ruwa

Ruwan famfo ba ya yi. Yana ɗauke da kulorin da fosfet, wani lokaci da jan ƙarfe, wanda kaɗan daga cikinsa yake kashe murjani. Ana tace shi da matata ta musamman har ma'aunin narkakkun abubuwa ya nuna sifili, sannan a zuba gishirin teku na kanti a cikin ruwan, ba ruwan a kan gishirin ba, a bar famfo yana gauraya shi sa'o'i. Gishirin girki ba ya maye gurbinsa. Abin da ake nema shi ne gishiri kashi 35 cikin 1,000, wato nauyin 1.025 zuwa 1.026 a ma'auni, da zafi digiri 24 zuwa 26.

Ruwa yana ƙafewa kullum amma gishirin yana nan. Wanda ya cike gurbin da ruwan gishiri zai ga gishirinsa yana hawa ba tare da ya lura ba. Da tataccen ruwa marar gishiri ake cikewa, kowace rana.

Kafa tanki

Ana jera duwatsu a gindin tanki tukuna, da ramuka tsakaninsu don ruwa ya ratsa, sannan a shimfiɗa yashin aragonait, wato yashi irin sinadarin ƙashin murjani, kaurin santimita 2 zuwa 3. Idan aka ɗora dutse a kan yashi, halittun da ke tono za su zame masa gindi ya faɗi. Bayan an cika ruwa sai a sa ɗan amoniya, wato gubar da ke fita daga dattin kifi, ko ɗan abincin kifi, a jira bakteriya su yaɗu a jikin dutse. Wasu suna mai da amoniya naitirait, wasu su mai da naitirait naitiret. Wannan yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma ba a sa komai mai rai sai amoniya da naitirait sun koma sifili. A watannin farko ƙura ruwan ƙasa takan rufe yashi, koriyar gansakuka ta biyo baya. Ba alamar lalacewa ba ce, takan ja baya da kanta idan ba a cika ciyarwa ba, dodon koɗi kuma yana taimakawa.

Sinadaran ƙashi

Murjani masu tauri suna gina ƙashinsu da kalsiyam da kabonet da suke zuƙa daga ruwa. Ana riƙe alkaliniti, wato yawan kabonet ɗin, tsakanin 7 da 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 cikin miliyan, magnesiyam 1,250 zuwa 1,350. Idan magnesiyam ya yi ƙasa, sauran biyun suna daskarewa su zama farin ɓawo a jikin hita da famfo, komai yawan abin da aka ƙara. Alkaliniti ne mafi saurin faɗuwa, shi ya sa ake gwada shi aƙalla sau biyu a mako. Kada a ɗaga shi fiye da dKH 1 a yini: murjani ya fi jure lamba da ta ɗan kauce amma ta tsaya cik fiye da lamba mai hawa da sauka. Ruwan kalsiyam da na kabonet ba a haɗa su a mazubi ɗaya, kuma ana ba da tazara tsakanin zuba su. Canza kashi 10 cikin 100 na ruwa duk mako ya wadatar wa sabon tanki.

Naitiret da fosfet ma ba a son su kai sifili. Naitiret 2 zuwa 10 da fosfet 0.03 zuwa 0.1 cikin miliyan suna ciyar da murjani, idan suka ƙare sai launinsa ya koɗe.

Zaɓen murjani da matsaloli

Ana farawa da masu laushi irin su Sarcophyton da Discosoma, sannan masu manyan baki irin su Euphyllia. Acropora mai rassa sai tanki ya kusa shekara ya zauna. Sabon murjani ana tsoma shi a maganin kashe ƙwari, a ajiye shi ƙasa-ƙasa, a riƙa ɗaga shi zuwa haske a hankali cikin makonni. Haske mai ƙarfi farat ɗaya ko zafi da ya kai digiri 30 yana sa ya fitar da halittun jikinsa ya yi fari, kuma idan abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Euphyllia da Galaxea suna miƙo dogayen hannaye masu harbi, galibi da dare, don haka a ba su tazarar santimita 15. Ɗaukewar wuta ta fi barazana ta wajen iska, domin ruwan da ya tsaya iskarsa tana ƙarewa cikin sa'o'i, ƙaramin famfo mai batir yana ceton tanki.

Wasu nau'in murjanin Palythoa da Zoanthus suna da dafi mai haɗari ga mutum. A sa safar hannu da tabarau wajen taɓa su, kuma kada a taɓa dafa dutsen da suke kai, domin dafin yana bin tururi ya shiga huhu. Cinikin murjani masu tauri tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta cinikin dabbobi da tsirran daji, sai da takardar izini. Reshen da aka yanko daga murjanin da ya girma a tanki ya fi na teku jure zaman gida.