Takardar azumi a makarantun kwana: me iyaye suke sa wa hannu?

Duk shekara, da zarar Sha'aban ya raba tsakiya, maganar nan takan taso a unguwannin Aboabo da Asawase da Akwatia Line na birnin Kumasi a Ghana, a bakin masallaci da wajen suna, har da saƙonnin murya na WhatsApp. Wasu su ce an hana 'ya'yan Musulmi azumi a makarantun kwana gaba ɗaya, wasu kuma su ce an yarda, amma sai uba ya rubuta cewa ko mutuwa yaro ya yi babu ruwan makaranta. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma na biyun ya fi ɓarna. Shi ya sa wata maƙwabciyata, wadda 'yarta take aji biyu a wata sakandaren mishan, ta zo mini bayan isha'i da takarda naɗe a bakin mayafi, ta ce, “Malam, duba mini wannan, an ce in na sa hannu na sallama musu ran yarinyar.”

Haƙƙin yin azumi ba daga hannun shugaban makaranta ya fito ba. Tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 21(1)(c), ya ba kowa 'yancin bin addinin da yake so da kuma bayyana shi a aikace, sashe na 17 ya hana nuna bambanci saboda addini, sashe na 28(4) kuma ya ce ba za a hana yaro ilimi don abin da ya yi imani da shi kawai ba. Wannan ya haɗa Musulmi da Kirista da ɗan Rasta da mai addinin gargajiya. Sai dai sashe na 12(2) ya ɗaure kowane haƙƙi da mutunta haƙƙin wasu da maslahar jama'a, kuma ta wannan ƙofa ce makarantu suke shigo da dokokinsu.

Takardar da ake tsoro ta samo asali ne a watan azumin 2021, lokacin da wani uba ya koka cewa makarantar Wesley Girls ta Cape Coast ta hana 'yarsa azumi. Ranar 1 ga Mayu na wannan shekara Hukumar Ilimi ta Ghana, wato GES, ta umarci wannan makaranta da sauran makarantu su bar duk ɗalibin da yake son azumi saboda addininsa ya yi, da sharaɗin iyayensa su rubuta cewa ba za a kama makaranta da laifin wata rashin lafiya da azumin ya jawo ba. Cocin Methodist, mai makarantar, ta ƙi karɓar umarnin, tana cewa dokar hana azumi ta hau kan kowace ɗaliba ce kuma don lafiyarsu aka kafa ta. Ban musa cewa a cikin malaman akwai masu tsoron lafiyar yara da gaske ba. Amma gwamnati ce take biyan albashin malaman nan, da harajin kowa, kuma na'urar gwamnati mai raba ɗalibai zuwa makarantun sakandare ce take tura yaro can, don haka cewa “in ba ku so ku tafi wata makaranta” ba amsa ba ce ga uwar da ba ta da kuɗin makarantar kuɗi.

To, me sharaɗin yake nufi? A lura da iyakarsa: rashin lafiyar da azumi ya jawo. Idan yarinya mai gyambon ciki ta ɗauki azumi da yardar iyayenta, ciwon ya tashi, ba za su dawo su ce makaranta ce ta cuce ta da ta bar ta ta yi azumi ba. Iyakar abin ke nan. Babu inda umarnin ya ce in ta faɗi a filin taro a tsallake ta, ko a hana ta ɗakin shan magani, ko a ƙi kiran iyayenta. Yaron da yake kwana a makaranta amana ne a hannunta, da azumi ko babu azumi, kuma zazzaɓin cizon sauro ko guba a abinci ko karaya a filin wasa ba su da alaƙa da wannan takarda. Idan wata makaranta ta buga nata fom ɗin ta faɗaɗa maganar har ta haɗa kowace irin cuta, uba yana iya rubuta tasa wasiƙar da hannunsa, ya tsaya a kan abin da hukuma ta nema, ya riƙe kwafi.

A 2024 Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa ta haɗa shugabannin makarantun mishan, na Kirista da na Musulmi, aka amince da wata yarjejeniya wadda ta sake tabbatar da cewa a bar ɗalibai su yi azumi, iyaye su nemi izini tun kafin a fara, a yi wa yaro nasiha, shi kuma ya ci gaba da bin dokokin makaranta. Wannan jimla ta ƙarshe, a ganina, ta fi takardar wahalar da yara. A yawancin makarantun kwana zuwa ɗakin cin abinci dole ne, fita da abinci zuwa ɗakin kwana laifi ne, abincin dare kuma yakan riga faɗuwar rana. Sai ka ga an yarda wa yaro azumi a takarda, amma babu wanda ya tanadi yadda zai yi sahur da buɗa-baki. Saboda haka wasiƙar da take da amfani ita ce wadda ta roƙi abu takamaimai: a ajiye wa masu azumi kasonsu zuwa magariba, a bar su su tashi da asuba, a sassauta musu aiki a cikin rana. Idan iyaye da yawa suka haɗu da malamin da yake kula da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, an fi saurin saurarensu.

Masu cewa za a ɗaure hedimastan da ya hana azumi su ma sun wuce gona da iri. Umarnin GES da yarjejeniyar ba dokar majalisa ba ne, kuma ba su yanke tara ko ɗauri ba, wanda shi ne babban rauninsu. Hanyar da take buɗe ita ce kai kuka ofishin daraktan ilimi, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, wadda ba ta karɓar kuɗin ƙara, ko Babbar Kotu bisa sashe na 33. A Babbar Kotun ne, ranar 31 ga Mayun 2021, aka umarci makarantar Achimota ta karɓi ɗalibai 'yan Rasta da sumarsu. A Disamban 2024 kuma wani lauya ya kai batun ɗalibai Musulmi na Wesley Girls Kotun Ƙoli.

Batun Sallah ya fi sauƙi. Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah ranakun hutu ne na ƙasa, a 2025 kuma majalisa ta ƙara kwana ɗaya a ƙaramar Sallah, a ƙudurin da ministan cikin gida, Muntaka Mohammed-Mubarak, ɗan majalisar Asawase, ya gabatar. Hutu yana nufin babu aji. Ba ya nufin an buɗe ƙofar makarantar kwana. Mai son ɗansa ya zo gida idi sai ya nemi takardar izinin fita a kan lokaci.

Maƙwabciyata ta ajiye fom ɗin, muka rubuta wasiƙa ta layi takwas, muka ambaci cewa yarinyar ba ta da ciwon da ya hana ta azumi, muka sa lambar waya biyu. Washegari ta kai da kanta, tare da garin rogo da sukari da madara da kwalbar miyar barkono ta shito da ledar dabino, domin a cika akwatin abincin yarinyar kafin a ga wata.