Washin Kayan Sassaƙa

Washi shi ne goga bakin ƙarfe a kan dutse ko makamancinsa domin dawo da kaifinsa bayan ya dakushe. Ana yi wa gizago da gatari da cizal da wuƙa da aska. Ya sha bamban da koɗa, wadda aikin maƙeri ce: idan baki ya cinye ko ya ɓalle, sai a sa ƙarfen a wuta a buga shi da masaba har ya yi faɗi da siriri, sannan a wasa.

Tarihi a ƙasar Sakkwato

Washi ya girmi ƙira, domin tun zamanin da ake amfani da gatarin dutse mutane ke goge bakinsa a kan fa. A Sakkwato sana'ar ta bi bayan ƙira da sassaƙa da dukanci. Bayan kafa birnin a wajajen 1809, Muhammadu Bello ya ƙarfafa masu sana'o'in hannu su zauna a cikinsa, kuma unguwar Maƙera Assada ta shahara da ƙira har yau. Masassaƙan turmi da taɓarya da akushi da allo, waɗanda a wasu yankunan ake kira sakkarawa, daga maƙera suke samun gizago, amma washin yau da kullum nasu ne. Da dutsen washi da ɗan ruwa suke yi, a gindin itacen da suke aiki. Dukawa da wanzamai kuwa kan ƙarasa kaifin da fata, saboda aikinsu ba ya jure baki mai kaushi.

Addini ma ya ba washi matsayi. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu ya umarci mai yanka da ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabba, shi ya sa masu washi ke samun ciniki sosai gab da Babbar Sallah.

Cizal irin na Turai ya yaɗu ne tare da aikin kafinta, galibi a zamanin mulkin mallaka, bayan 1903.

Yadda ake wasa cizal

Da farko ana daidaita bayan cizal ya kwanta sumul a kan dutse. Sai a koma gefen da ke da gangare, a riƙe shi a kusurwar digiri 25 zuwa 30, a fara da dutse mai kaushi a ƙare da mai laushi. Idan wani siririn ƙarfe ya lanƙwaso ta baya, wanda yatsa ke ji, washin ya kai baki. Sai a cire shi da goga kaɗan. Ruwa ko mai na hana garin ƙarfe toshe dutsen. Masu aikin sun saɓa kan wanda ya fi.

Na'urori

Dutsen washi na kanti da yawa an yi shi ne da sinadarin kaborandam, wanda Edward Acheson ya samar a Amurka a 1891. Injin washi yana da sauri, amma idan bakin ya yi zafi har ya koma shuɗi, taurinsa ya tafi, don haka ake yawan tsoma shi a ruwa. Zarto da magagari ake wasa shi.