Makaho da shafin intanet: tambayoyin da ake yi mini a shago

Ina da ɗan shagon kwamfuta a wani ƙauye a ƙasar Gumel, inda nake cike wa mutane fom na makaranta da na neman tallafi. Cikin masu zuwa akwai wani malamin Islamiyya makaho da ke sarrafa wayarsa fiye da yawancinmu masu ido. Duk da haka, in maganar fom ta taso sai ya biya kuɗin babur ya zo wurina. Matasan da ke koyon haɗa shafi a hannuna sun sha tambayata dalili, shi ne na tattara tambayoyinsu.

Wai ta yaya makaho yake amfani da waya tun farko?

Da kunne da yatsa. A wayar Android akwai manhaja mai suna TalkBack, a iPhone kuma VoiceOver. Mutum zai goga yatsa a fuskar waya, ita kuma ta riƙa karanta masa abin da ya taɓa, in ya ji wanda yake so sai ya ƙwanƙwasa sau biyu. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka ƙirƙiro ta. Malam yakan kanga wayar a kunne tana zuba kamar an saki famfo, ni ban kama ko kalma ɗaya ba, shi kuwa har ya gama karanta saƙo ya ba da amsa.

To me ke hana shi cike fom da kansa?

Manhajar rubutu take karantawa, ba ta gani. Ran nan na ce, "Allah gafarta Malam, gwada mu ji inda take tsayawa." Ya shiga shafin wata hukuma, wayar ta ce "maɓalli", ya matsa gaba ta sake cewa "maɓalli", har sau huɗu, babu wanda aka raɗa wa suna. Wanne ne na turawa, wanne ne na gogewa? Ramukan da ake rubuta suna da ranar haihuwa su ma haka. Da muka lallaɓa muka kai ƙarshe, sai ga hoton karkatattun haruffa wai a kwafa don a tabbatar mutum ne, babu zaɓin sauraro. Nan ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, ƙarasa mini."

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin babur ɗin ba ne. Dattijo ne mai iyali, amma dole ya karanto mini lambar NIN da ta asusun bankinsa, ga mutane a tsaye suna jira. Ni na riƙe amana, amma ba kowa ba ne zai riƙe.

Akwai wata ƙa'ida da aka yarda da ita?

Akwai. Ana kiranta WCAG, wato ƙa'idar gina shafin intanet yadda masu buƙata ta musamman za su iya amfani da shi, ƙungiyar W3C ce ke fitar da ita, wadda Tim Berners-Lee, mutumin da ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya kafa a 1994. Ta farko ta fito a 1999, sai 2.0 a 2008, 2.1 a 2018, wadda ta ƙara kula da masu waya, sannan 2.2 a 2023. Ginshiƙanta huɗu: a iya gani ko jin abin da ke shafi, a iya sarrafa shi, a fahimce shi, ya kuma yi aiki da manhajojin taimako. Matakanta uku ne, A da AA da AAA, kuma na tsakiyar ne yawancin dokokin ƙasashe ke nema.

Ƙa'idar me ta ce a yi, a aikace?

Kowane hoto mai ma'ana a ɓoye masa ɗan bayani a rubuce. Kowane rami a fom ya sami suna. Duk abin da ake yi da linzamin kwamfuta ya yiwu da madannai kaɗai, saboda wanda hannunsa ke rawa ko ya shanye. Rubutu ya fita sosai daga launin bayansa, ma'aunin matakin AA shi ne 4.5 bisa 1 ga rubutu mai girman yau da kullum, kuma a iya ninka girmansa biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. Wannan ba don makafi kawai ba ne: tsohon da yanar ido ta fara rufe wa gani, da kai kanka in kana duba waya a tsakar ranar bazara, duk kuna ciki. Kada a nuna kuskure da jan launi kaɗai, a faɗi abin da ya ɓaci da kalmomi. In fom yana da wa'adi, a ba mutum damar ƙara lokaci. A kuma sanar da harshen shafin a cikin gininsa, alamar Hausa ita ce ha.

Kurame fa, ai suna gani?

Suna gani, amma mu nan komai da murya muke yinsa. Sanarwar rabon taki, ranar rigakafi, duk a saƙon murya na WhatsApp ko bidiyo. Ƙa'idar ta ce bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa, sauti kuma a rubuta shi. Fassara da maganar hannu tana mataki na uku, ga kurman da bai yi nisa a karatu ba kuwa ita ce ta fi amfani.

Ni ba mai haɗa shafi ba ne, ina ruwana?

Da ruwanka. In ka ɗauki hoton takardar sanarwa ko katin ɗaurin aure ka tura a Facebook, makaho ba lallai ya san abin da ke ciki ba. Rubuta rana da wuri da lokaci a ƙasan hoton. In murya ka tura, bi ta da layi biyu a rubuce.

Doka ta tilasta wannan a Najeriya?

Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, kuma sashe na 9 ya ambaci intanet ƙarara. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani, da naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum. A ganina, hukumar da ta mayar da hidimarta intanet ta ɗauki nauyin duk wanda zai shiga, kamar yadda take gina hanyar keken guragu a ƙofar ofis.

Yaya zan gwada shafin da na haɗa?

Kunna TalkBack, ka rufe ido, ka cike fom ɗinka daga farko har ƙarshe. A kwamfuta ka ture linzami gefe ka bi shafin da madannin Tab. Sannan ka nemi makaho ko kurma na garinku ya gwada a gabanka, ka biya shi ladan aikinsa, ka rubuta duk inda ya tsaya.