Masu keke da 'yan siyasa a Kumasi: ga amsoshin tambayoyinku

Tun da aka gama babban zaɓen Ghana na 7 ga Disamba 2024 tambayoyin nan ake ta jefo min, a bakin masallaci, a wurin mai gyaran keke, har a waya. Na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wace jam'iyya ce ta masu keke, NDC ko NPP?

Babu. Duk biyun kan titin mota da gadar sama suke takara.

Amma ai Mahama na NDC, wanda ya ci zaɓen, ya yi wa masu okada alkawari?

Ya yi, tun a kamfen ɗin 2020, ya kuma maimaita a 2024, cewa zai halatta sana'ar okada wadda dokar hanya ta 2012, wato LI 2180, ta hana. Sai dai okada babur ne na haya. Kai da kake taka feda da ƙafarka daga Aboabo zuwa Kejetia ba ka cikin wannan alkawari. Don Allah ku daina haɗa su.

Me ya sa ake jin muryarsu, mu ba a jin tamu?

Saboda suna da ƙungiya, suna da tasha, suna da shugaban da ɗan takara zai kira. Direbobin trotro, wato ƙananan bas na haya, suna da ƙungiyarsu ta GPRTU. Masu pragya, wato babur mai taya uku na haya, lokacin da hukumar birnin Kumasi, KMA, ta hana su shiga tsakiyar gari a 2023, fitowa suka yi tare, gari duka ya ji. Mai keke kuwa shi kaɗai yake fita da asuba, shi kaɗai yake dawowa. In trotro ta matse shi ya faɗa kwata, tashi zai yi ya miƙe kan keken, ya ce Allah ya isa, ya wuce. Ɗan siyasa lissafin ƙuri'a yake yi, kuma ƙuri'ar da ke warwatse ba ta shiga lissafinsa.

Akwai kuma laifinmu, 'yan'uwa. Mun mai da keke alamar talauci. Yaro na samun kuɗi sai babur, daga nan sai mota. Wane ɗan takara ne zai hau dandamali ya yi alkawarin abin da masu shi ma suke jin kunyarsa?

An raba mana kekuna lokacin kamfen. In karɓa?

Kyautar keke ba ta faɗaɗa titi. Ƙuri'arka kuma sirri ce, ba wanda ya saye ta.

To wa za mu kai wa kukanmu in muna son layin keke a titin unguwarmu?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ba ɗaya ba ce. Da farko sai ka san titin na wa ne. Manyan hanyoyin da ke haɗa gari da gari, irin ta Kumasi zuwa Tamale, suna hannun hukumar manyan hanyoyi ta Ghana. Yawancin titunan cikin birni suna hannun sashen hanyoyin birni, ƙarƙashin ma'aikatar hanyoyi. Ƙananan lunguna, kwatoci da masu kasa kaya a gefen titi, a nan ne majalisar ƙaramar hukuma take da ƙarfi: mutanen Aboabo da Asawase tasu ita ce ta Asokore Mampong, tsakiyar gari kuma KMA. Ka kai takarda inda ba nasu ba, za a karɓa da fara'a a ajiye.

Yawancinku wurin ɗan majalisar dokoki kuke gudu. Ba laifi, amma ku sani shi ba ya gina titi. Yana iya tayar da magana a majalisa, yana iya matsa wa minista, yana da ɗan kaso daga asusun ƙananan hukumomi, wanda ba zai isa sake fasalin babban titi ba. Shugaban ƙaramar hukuma kuma ba ku kuke zaɓensa ba. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, 'yan majalisar yankin su amince da kashi biyu cikin uku. An shirya ƙuri'ar raba gardama a Disamba 2019 kan shigar jam'iyyu zaɓen ƙananan hukumomi, aka soke ta. Saboda haka wanda ya fi kusa da hannunku shi ne asambuliman na unguwa, wato wakilinku a majalisar ƙaramar hukuma. Ba ya takara da tutar jam'iyya, an yi zaɓensu na baya a Disamba 2023, mutane ƙalilan ke fita, don haka mutum hamsin da suka zo tare suna da nauyi a wurinsa. Ƙarfinsa dai kaɗan ne, ban ɓoye muku ba. Zai iya sa maganarku cikin tsarin ayyukan majalisa, ba zai iya sa hannu a kwangila ba.

Sai lokaci. In an zuba kwalta an gina kwata, magana ta ƙare, sai dai fenti, kuma layin fenti in ba a kare shi da dakali ba, cikin mako guda zai koma wurin ajiye mota da teburin mai waake. Lokacin magana shi ne sa'ad da kuka ga masu awo da sandunansu a titi, ko aka sanar da aikin. Ku je a ƙungiyance, da liman ko sarkin zango a gaba, da takarda mai sunan titi ɗaya da buƙata ɗaya. Ko hakan ma ba tabbas ba ne. Wani lokaci kuɗin aikin daga waje yake, zanen kuma an gama shi a Accra. Amma wannan hanyar ta fi kowace kusa.

Ba ɓata lokaci ba ne? Ghana ba Holand ba ce.

Ba sai ka je Turai ba, je ka Tamale ka ga layin keke a gefen manyan tituna, da mata da 'yan makaranta a kai. Kuma ku tuna Adenta. A Nuwamba 2018, bayan mota ta kashe wata ɗaliba a hanyar Madina zuwa Adenta, mutane suka fito, gadojin masu tafiya da ƙafa da aka yi watsi da su shekaru sai ga shi an koma aikinsu. Ba ina cewa a ƙona taya ba, kuma bai kamata sai an rasa rai ba. Ku kwantar da hankali, ana jin mutanen da suka haɗa kai.

Kafin nan fa?

Sa fitila gaba da baya, gyara birkinka, daina bin hannun da ba naka ba da daddare. Ina ganinku bayan isha'i a hanyar Tafo cikin baƙar riga, ba ko ɗigon haske.

Sai 2028 za mu fara?

A'a. Zaɓen asambuliman yana zuwa kafin na shugaban ƙasa. Ku fara rubuta sunayen masu keken unguwarku wannan Juma'ar, a wurin mai gyara.