Telematik a Harkar Kula da Motocin Kamfani

Telematik fasaha ce da ke haɗa na'urar gano wuri, kwamfutar da ke cikin mota da hanyoyin sadarwa, domin mai mota ya san inda motarsa take da halin da take ciki alhali yana zaune a ofis. Kamfanonin jigilar kaya, masu motocin haya, dillalan mai da hukumomin da ke da motocin ɗaukar marasa lafiya su ne suka fi amfani da ita. Kalmar ta fito ne daga Faransanci, kuma Simon Nora da Alain Minc ne suka yaɗa ta a wani rahoto da suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 1978, ko da yake a wancan lokacin ma'anarta ita ce haɗuwar kwamfuta da sadarwa baki ɗaya, ba harkar mota kaɗai ba.

Shigarta harkar sufuri ta fara ne a Amurka a 1988, lokacin da kamfanin Qualcomm ya fito da tsarin OmniTRACS, wanda ya ba ofis damar aika saƙo ga direban tirela da sanin wurin da yake ta hanyar tauraron ɗan'adam. Sai dai fasahar ba ta bazu sosai ba sai bayan watan Mayun 2000, lokacin da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina rage ingancin siginar GPS (tsarin gano wuri ta tauraron ɗan'adam) da farar hula ke samu. Kafin nan kuskuren na'ura yakan kai mita 100. Da ya ragu, kuma hanyoyin wayar salula suka yi araha, sai ƙananan kamfanoni ma suka iya saka ta.

Na'urar kanta ƙarama ce, tana ɗauke da layin waya, kuma ana ɓoye ta a ƙarƙashin sitiyari ko a jona ta da kafar binciken inji. Wannan kafa, wadda ake kira OBD-II, ta zama dole a kan ƙananan motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, manyan motoci kuwa suna da nasu tsarin mai suna J1939. Daga nan ne na'urar ke karanta gudun mota, zafin inji, yawan man da aka ƙona da duk wata matsala da kwamfutar motar ta gano, sannan ta tura wa manhajar kamfani tare da wuri da lokaci. Akwai kuma ma'aunin motsi a cikinta, wanda ke lura da taka birki na ba-zata, fizgar totur da shan kwana da gudu.

A nan ne amfaninta na gaske yake, domin sanin inda mota take shi ne mafi ƙanƙantar abin da take bayarwa. Manajan da ke duba rahoton mako zai ga motar da ake bari tana aiki a tsaye na tsawon sa'o'i tana cin gas a banza, zai ga tankin da ya ragu farat ɗaya da tsakar dare a wurin da ba a tsara tsayawa ba, kuma zai san lokacin da ya kamata a yi wa kowace mota juye ko a kai ta wurin bakanike bisa nisan da ta yi, ba bisa kintace ba. Motocin sanyi masu ɗaukar magani ko kifi ana saka musu ma'aunin sanyi da ke sanar da ofis idan firji ya tsaya. Ana kuma iya shata iyaka a kan taswira, ta yadda da zarar mota ta fita daga hanyarta saƙo zai iso.

Doka ma ta taimaka wajen yaɗuwarta. A Tarayyar Turai an wajabta na'urar rubuta lokutan tuƙi ta zamani a kan sababbin manyan motoci tun 2006, inda ƙa'ida ta ce direba ya huta minti 45 bayan tuƙin sa'o'i huɗu da rabi. Amurka ta tilasta amfani da irin wannan na'ura a watan Disambar 2017, kuma a can iyakar tuƙi sa'o'i 11 ne kafin dogon hutu.

Fasahar tana da rauninta. A dogayen hanyoyi irin na Legas zuwa Kano akwai wuraren da babu sabis, don haka na'ura kan adana bayanai har sai ta samu hanyar turawa, ɓarayin mota kuma sukan yi amfani da abin toshe sigina. Babbar matsalar dai ita ce dangantaka da direbobi. Na'ura ba ta san cewa rami ko dabba ce ta sa aka taka birki ba, kuma kamfanin da ke yanke albashi bisa makin da manhaja ke bayarwa kan yadda aka yi tuƙi ba tare da ya ji ta bakin direba ba yana zaluntar mutumin da wataƙila ya kauce wa haɗari ne. Bayanan inda ma'aikaci yake bayanai ne na sirri, waɗanda dokar Turai da ta fara aiki a 2018 da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 suka shafa, shi ya sa ake bukatar kamfani ya sanar da direba abin da ake tattarawa a kansa da dalilin tattara shi.